Tampol, Kwarfa ko Famfo: Me Zai Hana Ruwa Zama a Kwarmin Ƙaramin Jirginka?

Duk wanda ya mallaki ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da ƙyallen iska, ko nasa ne shi kaɗai ko na haɗin gwiwa da abokai, ba ya yin wata guda bai fara tunanin famfo ba. Matasanmu na unguwannin Nima da Mamobi da Sabon Zango a Akra da suka shiga wannan harka, masu ajiye jirgi a Ada ko a gefen Tema, kusan tambayarsu ɗaya ce: "Kawu, wane famfo zan saya?" Ni kuwa nakan ce, ɗana, kafin mu je ga famfo, faɗa mini ta inda ruwan yake shigowa. Amsar wannan ita ce ke nuna inda ya kamata kuɗinka ya fara zuwa, kuma sau da yawa famfon lantarki shi ne ya cancanci zuwa ƙarshe a layi.

Abin da ya sa nake ɗaukar maganar da zafi shi ne nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ta teku ma ta ɗan ɗara haka saboda gishiri. Ruwan da zai cika galan huɗu irin rawayan nan da muke kira galan Kufuor, masu lita 25, nauyinsa kilo 100 ne. Ka ɗauki ƙaton fasinja ke nan ba da saninka ba, fasinjan da ba ya zama wuri ɗaya. Jirgi na ɗan karkata hagu, duk ruwan ya gangara hagu ya ƙara danna shi. Kowane ƙarin nauyi yana sauko da bakin jirgi kusa da fuskar ruwa, igiyar da ɗazu ta wuce ta ƙarƙashi yanzu sai ta leƙo ciki. Wasu ƙananan jiragen da ke kifewa, ruwan ya daɗe yana taruwa a kwarmin zama kafin iskar da za a ɗora wa laifi ta iso.

Ƙofa uku ruwa yake da ita. Akwai na sama, wanda damina ke zubawa jirgi yana ajiye. Akwai mai tsallako baki lokacin tafiya, feshin igiya ne ko kuwa jirgi ya karkata har gefensa ya sha. Sai na ƙasa, yoyo, mai tsattsafowa ta tsaga ko ta gindin noti. In a teku kake, ɗanɗana shi: mai gishiri daga ƙasa ko daga baki ya zo, lami kuwa na sama ne. A Ada wannan gwajin ba ya yanke hukunci, domin can ne kogin Volta ke haɗuwa da teku, gishirin ruwan yana hawa yana sauka gwargwadon cikowar teku da janyewarta. Abin yi a can shi ne ka tsane kwarmin ƙaraf, ka barbaɗa hoda kewayen duk wurin da kake zargi, ka saka jirgin a ruwa ranar da babu hadari. Bayan ɗan lokaci za ka ga layin danshi a jikin hodar, ya kai ka har gindin ɓarakar.

Ruwan sama, wanda ya fi kowanne yawa

Mutane na raina ruwan Akra saboda bai kai na Kumasi ba. Gaskiya ne, abin da ke sauka a Akra a shekara bai cika wuce milimita 800 ba, na Kumasi kuwa yana kusan 1,400. Amma na bakin teku a dunƙule yake zuwa, musamman a Mayu da Yuni, sannan a sake samun na biyu wajen Satumba zuwa Nuwamba. Wanda ya ga daren 3 ga Yuni 2015 a Akra ba sai an yi masa bayanin abin da ruwan dare ɗaya zai iya yi ba. Lissafin mai sauƙi ne: milimita 10 a kan fili mai mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi, lita 10 ke nan. Kwarmi mai tsawon mita 2 da faɗin mita ɗaya da rabi, in aka yi ruwan milimita 50, zai tara lita 150. Ban ma sa wanda ke gangarowa daga saman jirgin ya zuba ciki ba.

A nan abu uku ke takara: tampol, buɗe matoshi, da famfon batir.

In jirginka a tudu yake kwana, an gama magana, kuma kusan kyauta. Ɗaga goshinsa a kan tsohuwar taya ko gungume, cire matoshin ramin zubar da ruwa da ke baya, ruwa ya shiga ya wuce abinsa. Matsala biyu kawai na sani. Ganye da yashi da ledar fiya wata suna toshe ramin, saboda haka sai an riƙa leƙawa. Ta biyu ta fi haɗari, wato a tura jirgi ruwa an manta ba a mayar da matoshin ba. Maganinta, ka ɗaure matoshin da zare a jikin sandar tuƙi duk lokacin da ka cire shi, yadda hannunka ba zai kama sandar ba sai ya ci karo da shi.

Tampol shi ne abin da nake cewa kowa ya fara saya, ko jirginsa na tudu ko na kan ruwa, domin shi kaɗai ne a cikin ukun yake hana ruwan shiga tun farko, sauran sai ya shiga suke fitar da shi. Ga kuma kariya daga rana, wadda ke cin igiyoyi da fenti da roba a hankali. Sai dai tampol da aka shimfiɗa kwance ya fi rashinsa muni. Tsakiyarsa na lotsawa, ruwa ya taru a kai har ya yi tafki, nauyin ya ja gefuna ya yage su ko ya zube gaba ɗaya cikin kwarmin. Kafin nan sauro ya riga ya samu wurin ƙyanƙyasa. Dole a yi masa doro irin na jinka. Sandar kwance da ke riƙe gindin ƙyalle tana iya zama doron, ko a gicciya gora daga gaba zuwa baya, a ja tampol ya yi tsauri, a zagayo da igiya ta ƙarƙashin jirgi. A bar 'yar kafa gaba da baya don iska ta ratsa. In aka rufe ruf a wannan zafi da danshi namu, fumfuna za ta kama ƙyalle, katako ya fara ruɓewa daga ciki.

Wajen zaɓen yadin ma akwai bambanci mai yawa. Shuɗin ledar nan mai araha rana na busar da shi ya fara ɓarɓashewa, ramukan igiyarsa su tsinke a iskar farko mai ƙarfi. Araha ba ta ado. Mai kauri irin na manyan motoci yana jure ruwa da rana, sai dai yana da nauyi kuma ba ya numfashi, don haka ya fi bukatar kafar iska. Kanfas yana numfashi, amma ya fi tsada kuma yana son kulawa. Masu ɗinkin tampol ɗin mota da rumfunan biki a Akra da Kumasi suna iya ɗinka maka daidai jikin jirgi in ka kai musu awo. Roƙe su su ɗinka madaukai na ɗamara a gefuna maimakon zoben ƙarfe, domin zoben baƙin ƙarfe iskar teku na cinye shi da tsatsa, tsatsar kuma ta ɓata yadin.

Famfon batir fa? Ba na ƙinsa. Yana da gurbinsa, kuma gurbin shi ne jirgin da ke kwana a kan ruwa mai shi yana nesa. Daga Akra zuwa Ada kusan kilomita 100 ne, ka bi ta Tema ka karya a Kasseh, ba tafiyar da mutum zai yi duk daren da ya ji tsawa ba ce. Irin wannan famfo yana zaune a wuri mafi zurfi, da wani ɗan makunni mai tasowa in ruwa ya taso, ya kunna shi, ruwa na sauka ya kashe. Ƙananan da aka fi gani ana rubuta 500 a jikinsu, wato galan 500 na Amurka a awa, kusan lita 1,900. Wannan adadin an auna shi ne famfo yana zubarwa a bakinsa, babu tiyo babu hawa. Da zarar ka sa masa tiyo ya hau mita guda, ga lanƙwasa, ga batir ya ɗan yi sanyi, abin da zai fitar ya ragu sosai.

Wutar da yake ja kusan amfiya 2 ce a batir mai bolt 12. Don fitar da lita 150 ɗin can 'yan mintoci suka ishe shi, wutar da zai sha ba ta taka kara ta karya ba. Inda gizo ke saƙar shi ne makunnin. Ɗan tsinke ko yashi ko guntun leda na iya maƙale shi a ƙasa, famfo ya ƙi tashi ruwa na cika. Ko ya maƙale a sama, famfo ya yi ta juyawa a bushe. Amfiya 2 cikin awa 24 ya kama amfiya-awa 48, abin da zai kwantar da ƙaramin batirin mota a kwana guda, na babur kuwa cikin 'yan awanni. Ga gishiri da ke bin waya ta ciki har ta koma kore ta karye. Duk waɗannan suna faruwa ne a lokacin da ba ka nan, wato daidai lokacin da ka dogara da shi. Shi ya sa nake cewa famfon batir mataimakin tampol ne. In tampol ya tare kashi mafi yawa, famfo ya ji da abin da ya tsiyayo, batir zai daɗe, kuma ranar da ɗaya ya gaza ɗayan na nan.

Wanda zai sa shi, ya sa shi da kyau. Fiyus kusa da batir. Batir a cikin akwati, a ɗaure, a sama da inda ruwa zai iya kaiwa. Mahaɗin wayoyi a sama, a rufe da roba mai ƙanƙancewa in an gasa ta. Bakin tiyo ya fita can sama da fuskar ruwa, a kuma ɗaga tsakiyarsa ya fi bakin tsawo, domin in jirgi ya karkata bakin ya nutse, tiyon da aka sa don fitar da ruwa shi zai riƙa zuƙo shi ciki. Ƙaramin allon sola da na'urar daidaita caji suna riƙe batir tsakanin zuwa da zuwa. A Akra, batir ana samu a Abossey Okai, kayan waya a Zongo Lane, mutanen Kumasi kuma Suame Magazine ta ishe su wajen ƙera mazaunin batir. In ka samu wayar da aka shafe zarenta da kuza, ɗauke ta ko ta fi tsada, ta fi jan ƙarfe tsura jure gishiri.

Ruwan da ke shigowa ana tafiya

Nan ne zaɓin ya fi wuya, domin hannu ɗaya na kan sandar tuƙi, ɗaya na riƙe da igiyar ƙyalle, ruwa kuma bai san kana da aiki ba.

Mafi tsufa kuma mafi amana ita ce makwarfa. Je gaɓar Jamestown ko Chorkor ko Teshie a Akra da safe ka kalli masunta suna shigowa da manyan kwale-kwalensu na itacen da ake kira wawa. Za ka ga yaro a tsakiya, ya durƙusa, yana kwarfa yana watsarwa, hannunsa bai tsaya ba har sun taɓa yashi. Mutanen da suka gaji teku kaka da kakanni ba su yar da wannan dabara ba duk da sun sa inji a baya. Yin ta ba wuya. Samu galan mai hannu na lita 4 ko 5, ɗaure murfinsa tam, yanke gindinsa a karkace yadda gefen da ya fi faɗi zai zama harshe. Robar tana da ɗan laushi, tana lafewa a ƙasan jirgi ta kwashe har ruwan da bokiti ba zai iya ɗiba ba, kuma ba ta ƙarce fenti. Abin da ya rage a lunguna soson katifa ya tsotse shi.

Sharaɗinta guda ne, kuma ba na sassauta shi: a ɗaure take da igiya a jikin jirgi, igiyar da tsawonta zai kai kowane lungu na kwarmin amma ba za ta naɗe ƙafa ba. Ranar da jirgi ya kife, duk abin da ba a ɗaure ba ya tafi, kuma ranar ce ake neman makwarfa ido rufe. A ƙananan jiragen Optimist da yara ke koyon tuƙi da su a duniya, dokar ajin ma ta wajabta makwarfa ɗaurarriya. Ƙara da bokiti mai ƙarfin hannu na lita 10, shi ma a ɗaure. In jirgi ya cika, babu ƙaramin famfon da zai kamo mutum mai bokiti a mintocin farko. Rauninta a fili yake: tana cin hannu, tana gajiyarwa, kuma mai tuƙi shi kaɗai cikin iska mai ƙarfi ba ya samun sararin sunkuyawa.

Famfon hannu iri biyu ne, kuma bai kamata a haɗa su a kwando ɗaya ba. Akwai dogo mai kama da famfon keke, ana tsoma gindinsa a ruwa ana ja ana turawa. Hannu biyu yake so, don haka bai fi makwarfa da komai ba sai wajen shiga matsattsen wuri, ƙarƙashin benci ko ƙarƙashin daɓe. Akwai kuma na girke, mai faifan roba a ciki da hannu da ake kaɗawa sama da ƙasa, irin waɗanda kamfanin Whale ya yi suna a kansu. Wannan in aka kafa shi kusa da mazaunin matuƙi, mutum na tuƙi da hannu ɗaya yana bugawa da ɗaya, idonsa na kan igiya. Matsakaitansu suna fitar da lita gommai a minti muddin mai bugun bai gaji ba, kuma suna haɗiye ɗan datti ba su shaƙe ba. Ga jirgi mai tsawon mita 5 zuwa sama, mai daɓe da ruwa ke taruwa a ƙarƙashinsa inda makwarfa ba ta kaiwa, wannan shi ne zaɓina kafin na batir. Ba ya neman caji, kuma in ya lalace za ka ji a hannunka nan take. A sa masa rariya a bakin tiyon da ke zuƙa, a kuma ajiye faifan roba na canji, domin zafi na busar da shi ya tsage, kuma ba kayan da ake samu a kowane shago ba ne.

Sai wata dabara mai ban sha'awa da matasa ke gani a bidiyo su ce lallai sai sun sa: ɗan ƙaramin bututu mai murfi da ake hudawa a ƙasan jirgi, in aka danna shi ƙasa jirgi na gudu, sai ya riƙa zuƙe ruwan kwarmi da kansa. Paul Elvstrøm, matuƙin nan ɗan Denmark da ya ci zinare a wasannin Olamfik sau huɗu a jere daga 1948 zuwa 1960, shi ya fito da samfurin da ya yaɗu. Yadda yake aiki shi ne, ruwan da ke wucewa da sauri ta ƙarƙashin jirgi yana barin wuri mai ƙarancin matsi a bayan bututun, sai ruwan ciki ya bi ta nan ya fita. Abin kirki ne a inda aka yi shi dominsa, wato jirgin tsere mara nauyi mai gudu a iska mai kyau. Kalmar da za ka riƙe ita ce gudu. In jirgi na tafiyar hawainiya a cikin kogi, iska ta kwanta, ga mutum huɗu a ciki, zuƙar ba ta samuwa, ɗan murfin da ke hana ruwa dawowa kuma ba ya rufewa ruf in ƙwayar yashi ta shiga. Sai ka ga ruwa na bulbulowa ta wurin da ka biya kuɗi aka huda. Gaɓar tekunmu da bakin Volta duk yashi ne. Ƙari a kan haka, in aka manta ba a ɗaga shi ba aka ja jirgi tudu, ya lanƙwashe ke nan. In jirginka ya zo da shi daga kamfani, kamar yawancin ƙananan jiragen tsere na Laser, kula da shi, wanke shi da ruwan daɗi, canza robarsa in ta gaji. In bai zo da shi ba kuma jirgin yawo ne mai nauyi, ban ga dalilin huda lafiyayyen gindi ba.

Abin da ya fi duk waɗannan, in ana maganar jirgin da za a saya ko za a ƙera, shi ne kwarmi mai zubar da kansa. Ana ɗaga daɓensa ya hau sama da fuskar ruwan waje, a rufe ƙarƙashinsa ruf, a bar ramuka a baya. Ruwa ya shigo ya gangara ya fita, ana tafiya ko ana tsaye, rana ko dare. Masuntan tafkin Bosomtwe, kusan kilomita 30 daga Kumasi, sun kai wannan tunani ƙarshensa tun da daɗewa: a kan falankin katako da suke kira padua suke zama su yi su, babu kwarmi balle ruwa ya samu wurin zama. Amma daɓe mai tsawo yana ɗaga mazaunin mutane, gwiwa ta taso, kuma nauyi ya koma sama. Sannan duk amfaninsa ya rataya ne a kan tazarar da ke tsakanin daɓe da ruwa, wadda a ƙaramin jirgi ba ta wuce faɗin tafin hannu. Ranar yawon Salla, aka cika jirgi da 'yan'uwa da kulolin abinci, kowa ya taru a baya, sai jirgin ya zauna, ramukan su nutse, ruwa ya fara shigowa ta inda ya saba fita. Murfin roba mai buɗewa waje kawai yana ragewa, amma maganin gaskiya shi ne rage kaya da matsar da mutane tsakiya. Girman ramin ma abin dubawa ne. In ka ninka faɗin rami, ƙofarsa ta ninku huɗu. Daga milimita 25 zuwa 38 kaɗai ya fi ninki biyu. Ramuka ƙanana biyu da hular kwalba za ta iya toshewa ba za su kwashe igiyar da ta faɗo ciki ba kafin ta biyu ta iso.

Akwai kuma 'yan gyare-gyare masu rage abin da ke shigowa tun farko. Katako biyu da aka kafa a saman goshi a siffar kan kibiya suna karkatar da ruwan da ya hau gaba ya zube gefe. Ɗan dogon baki kewaye da kwarmi yana tare na gefe. Kowane kafinta mai hankali zai yi maka su. Sauran kuma tuƙi ne. Iskar gaɓarmu yawanci daga kudu maso yamma take, teku kuma ya fi tashi daga Yuli zuwa Satumba. Guguwar farkon damina kuwa daga gabas take tasowa, da sauri. Ka ga gabas ta yi baƙi, rage ƙyalle tun kafin ta iso, ko ka nemi tudu. Bakin da Volta ke shiga teku, musamman lokacin da ruwa ke janyewa yana karo da igiyar da ke shigowa, ba wurin ƙaramin jirgi ba ne, ko famfo nawa ka ɗaura masa.

Yoyo ba a yi masa famfo

Rami mai faɗin milimita 25, in yana santimita 30 ƙarƙashin fuskar ruwa, yana shigo da fiye da lita 40 a minti. Famfon nan mai lamba 500, ko a kan takarda, lita 30 da 'yan kai yake fitarwa a minti. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Wanda ya sayi famfo don ya zauna lafiya da yoyo, jinkirta gyara kawai ya yi, tsagar kuwa tana ƙara buɗewa.

Wuraren da aka fi samunsa sanannu ne: robar matoshi da ta bushe, notocin da ke riƙe allon tuƙi a baya, gindin akwatin da ake zura allon tsakiya (allon da ke sauka cikin ruwa ya hana jirgi zamewa gefe), da mahaɗin sama da ƙasan jirgi. A kwance kayan, a wanke, a bari ya bushe sarai, a sa gam ɗin jirgi irin su Sikaflex, a mayar. Silikon ɗin banɗaki ba ya riƙewa a nan, kuma yana barin santsin da zai hana wani gam kamawa daga baya. Noti ya zama na ƙarfe mara tsatsa mai lamba 316, shi ya fi 304 jure gishiri. Jirgin faiba ana cike tsagarsa da faiba bayan an goge wurin. Na katako kuwa a yi masa uzuri in ya daɗe a tudu lokacin hunturu: katakon ya ƙanƙance, zai yi yoyo a kwanakin farko har ya sha ruwa ya kumbura. Wanda bai daina ba bayan nan shi ne ke neman mai gyara.

In ruwa ya riga ya ci ƙarfinka, abin da zai raba tsira da asara shi ne ko jirgin zai ci gaba da yawo a cike. Jiragen kamfani suna da rufaffun ɗakunan iska, a riƙa duba murafensu. Wanda babu, galan Kufuor mara komai mai kyakkyawan murfi yana ɗaga kusan nauyin litocinsa, mai 25 ya ɗaga sama da kilo 20. A ɗaure su da ɗamara ƙarƙashin benci, gaba da baya da gefe biyu, ɗauri na gaske, domin ƙarfin da za su ja da shi in sun nutse ba kaɗan ba ne. Kuma ga abin da mutane da yawa ba su sani ba sai ya same su: in jirgi ya cika har ruwa ya haura bakin akwatin allon tsakiya, duk bokitin da ka zubar wani zai shigo ta nan. Cusa tawul ko riga a bakin akwatin tukuna, mutane su rage a ciki su riƙe gefe da rigunansu na kariya a jiki, mutum ɗaya ya yi ta kwarfa da sauri har bakin ya fito.

To wa zai ɗauki me? Mai ƙaramin jirgi na mutum ɗaya ko biyu da ke kwana a tudu, tampol mai doro da buɗaɗɗen matoshi da makwarfa ɗaurarriya sun gama masa, kuɗin famfo ya sa su a rigar kariya mai kyau. Mai jirgin yawo da iyali, mai daɓe da zurfi, ya ƙara famfon hannu na girke da bokiti da galan ɗin ɗagawa. Mai jirgin tsere ya riƙe bututun zuƙar da ya zo da shi, amma kada ya bar makwarfa a gida don iska na iya mutuwa. Mai jirgin da ke kwana kan ruwa a Ada shi yana Akra, shi ne kaɗai nake ce wa ya sayi na batir, bayan ya ɗinka tampol, kuma ya yi magana da wani amintacce a can da zai riƙa leƙawa bayan kowane babban ruwa. Kafin watan Afrilu ya kama, ya je da kansa ya zuba bokiti biyu a kwarmin, ya tsaya ya ga makunnin ya tashi, ruwan ya fita ta tiyo, famfon kuma ya kashe kansa.